Gorar Hure a Darnin Dallatu

Asabar, 7 ga watan Ƙaramar Sallah, bayan la'asar

Bismillahi. Ni ne Sama'ilu mai rumfa. Da can matata Hure nake gaya wa abin da mutane suka yi mini in na dawo gida, tana tsince wake tana cewa to, to. Yanzu ba ta nan, kaji kuma ba sa tsayawa su ji, shi ya sa na koma takarda. Rubutun na ajin yaƙi da jahilci ne. Wanda ya kasa karantawa ya bari, ba don shi na yi ba.

Abdulhadi ya bugo waya da azahar. Autana ne, amma tun da ya buɗe shagon tayil a Ungogo yake yi mini magana kamar ni ne yaron shagon. Ya ce an sallami Innarsa daga asibiti, tana gidansa. Ya ce Juma'ar ƙarshen wata zai kawo ta ta ga gida. In gidan ya yi daidai da yadda take yanzu, ta zauna. In bai yi ba, ta kwashi kayan ɗakinta su koma Ungogo ke nan.

Na ce ke nan kamar yaya.

Ya ce, “Baba, ke nan.”

Sai ya hau karanto mini laifuffukan gidan da aka yanke masa cibiya a ciki. Wai dokin ƙofa ya yi tudu. Wai tsakar gida rami-rami. Wai ba inuwa, makewayi da nisa, ba abin dafawa, darni ya faɗi awaki suna shiga kamar kasuwa. Na ce masa daga Tsanyawa har Kunci, in aka ce rumfa ko darni ko dakali, sunana ake kira tun ba a san za a haife shi ba.

Ya ce, “Na gidajen mutane ke nan, Baba.”

Na kashe wayar. Ba fushi na yi ba, caji ne ya yi ƙasa.

Lahadi, 8, da hantsi

Na zagaya gidan kamar an kira ni aiki gidan wani. Gaskiya da gidan wani ne da na faɗa wa mai gidan magana. Amma nawa ne, kuma akwai dalilai. Tsohuwar rumfar da ta faɗi tun damunar waccan, Hure ce ta ce in bar ta sai na huta. Ramukan tsakar gida kuwa kaji ne.

Abin da zan yi: rumfa a ƙofar ɗakinta. Dakali a ƙarƙashin rumfar, tsayinsa daidai da gado, don zama da tashi su zo da sauƙi. Daɓe sabo. Sai darni.

Darnin nan shi ne maganar. In mutum ya fito daga ɗakin Hure, yana hannunsa na dama, ya miƙe har makewayi. Kuma ba nawa ba ne, na maƙwabcina Dallatu ne. A garin nan tun kakanni haka ake: wanda dirkoki suke ɓangarensa, darnin nasa ne, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ma tasa ce. Dirkokin suna ɓangaren Dallatu, gara ta cinye su ta yi hamdala, shi kuma yana ta cewa zai gyara.

Ni da Dallatu muna gaisawa, kada wani ya ce ba ma gaisawa. Sai dai shekarun baya, ina zaune, ina da lafiya, ƙofata na jikin ƙofarsa, ya je Kunci ya ɗauko wani ya yi masa rumfa. Rumfar ta karkata gabas tun ranar da aka gama ta. Duk damuna ina jiran ta faɗi. Ba ta faɗi ba tukuna, amma Allah bai manta da ita ba.

Litinin, 9, da azahar

Na sare dokin ƙofa. Kaji sun fi kowa murna.

Talata, 10, bayan la'asar

Na je Tsanyawa wajen masu itace. Sun nuna mini darbejiya, na ce ba gidan gara zan gina ba. Sai da na yi kamar zan tafi sannan mutumin ya shiga baya ya janyo ƙirya, busasshiya, baƙa, in ka buga ta da gizago tana amsawa kamar ƙarfe. Na haɗa da gora doguwa mai santsi da igiyar rama da zana sabuwa mai ƙamshin gamba.

Direban bas ya ce ba zai ɗora itace a kan motarsa ba, zai kankare masa fenti. Na duba motar sama da ƙasa na ce ya nuna mini fentin in kauce masa. Fasinjoji suka yi dariya, ya ɗora.

A mota wata mata 'yar garinmu ta ce yaya jikin Hure. Na ce da sauƙi, tana hutawa wajen ɗanta, ƙafa ce ta ɗan yi mata tsami. Haka nake gaya wa kowa. Ai ba ƙarya ba ce, akwai ƙafa a cikin maganar.

Alhamis, 12, kafin magariba

Rumfa ta tashi. Hannuna bai manta ba, bayana ne ya manta.

Rami sai ya shanye hannu har gwiwar hannu, a ƙona gindin dirka kaɗan, a zuba toka, a danne da dutse. 'Yan yanzu sai su tona kamar kaza su kwaɓa siminti su ce sun yi aiki. Na karkatar da rufin kaɗan wajen yamma don ruwa ya sauka bayan rumbu, kuma don ranar la'asar kada ta samu Hure a fuska. Da gangan na karkatar. Ba irin ta wasu ba.

Ina ɗaure zana na tuna wata Hajiya a bakin Ungogo da ta kira ni bara waccan. Gidanta tsoho ne na ƙasa, sabbin gidaje sun kewaye shi har gonarta ta zama layi. Ta ce rumfa take so amma kada in rufe ta, in jera gora kawai a sama, fulawa za ta hau. Na ce Hajiya, inuwar fa? Ta ce in fulawar ta girma. Na yi mata, ta ji daɗi, har yau ban gane ba. Da na ba Hure labari ta yi dariya har ta zubar da wake.

Na zauna a ƙarƙashin tawa na sha ruwa. Inuwar tana da sanyi. Ta yi wa mutum ɗaya yawa.

Juma'a, 13, bayan an sauko

Matar Abdulhadi ta bugo, ta ce Inna na son magana da ni. Na ji numfashi, na ji an fara “Malam”, kalmar tana zuwa a hankali kamar ana janyo guga daga rijiya mai zurfi.

Caji ya ƙare.

Lahadi, 15, da hantsi

Dakali ya bushe, na shafe shi da makuba ya yi ja yana sheƙi. Yau daɓe. Na san aikin mata ne, da waƙa suke yinsa, amma matan wa zan kira? In na kira su sai sun zauna sun yi tambaya.

Ina durƙushe ina dukan ƙasa da madaɓi sai na ji dariya ta wajen da darnin ya faɗi. Aina'u ce, matar Dallatu, ƙawar Hure tun suna amare. Ta ce, “Malam Sama'ilu, daɓe kake ko maciji kake kashewa?”

Na ce ina ruwanta.

Ta ce in bari ta tara mata gobe su yi mini da hantsi ɗaya. Na ce na gode, ba na son a ɓata mini. Ta tsaya tana kallon dakalin, ta ce ya yi tudu ga dakali. Na ce haka ake yayi a birni. Ta ce, “Uhm.” Wannan uhm ɗin na Aina'u, shekara da shekaru ina jin sa, ban taɓa jin ya zo da alheri ba.

Ta ce cikin satin nan za ta je Ungogo dubiya, ko ina da saƙo. Na ce ta gaishe su. Ta ce ni yaushe zan je. Na ce wa zai bar daɓe ɗanye ya yi tafiya.

Ba don komai ban je ba. Ranar da abin ya faru, da azumi, yaron nan ya zo da mota ya ɗauke ta bai ce mini uffan ba, kuma a gaban mutane ya ce gidan nan ne ya kayar da ita. Shi zai fara zuwa, ba ni ba. Shi ke nan dalilin.

Talata, 17, bayan azahar

Na dasa dirkokin ƙirya a jikin darni, ta ɓangarena, daga ƙofar ɗaki har makewayi. Na tayar da inda ya faɗi, na sa zana sabuwa, sannan na ɗaura gorar nan mai santsi a kwance, dirka zuwa dirka. Wanda bai sani ba zai ce tanka ce irin ta kowane darni. Ni na san ta dafawa ce.

Na san da na ja su tsakar gida ba mai cewa komai. Amma dirkoki a jere a tsakar gida kamar turakun jakuna, duk wanda ya yi sallama ya shigo zai gane abin da ke gidan tun kafin ya zauna. Hure ba ta son a yi mata kallon tausayi. Ni ma ba na so a yi mata.

Tsayin gorar ban sha wahala ba. Na tsaya a jikin dirka na duba inda aljihun rigata yake. Nan hannunta yake kaiwa in za ta zare mini goro.

Laraba, 18, da hantsi

Dallatu ya yi sallama tun ban sha koko ba. Bai shigo gidan nan ba tun sunan jikata. Ya wuce ni, ya je ya tsaya gaban dirkokin, hannu a baya kamar mai duba gona.

Ya ce, “Sama'ilu, me nake gani?”

Na ce, “Ƙirya. Na san ba ka saba ganin ta ba.”

Ya ce, “Ba itacen na tambaya ba. Wa ya ce ka dasa a ɓangarenka?”

Na ce darninsa ya faɗi, akuyarsa ta cinye mini rama, na gyara masa kyauta, godiya ya kamata in ji.

Ya ce, “Yau darni, gobe ka mutu 'ya'yanka su ce ƙasar tasu ce, ga shaida a tsaye. Kuma ƙirya ka sa, wadda za ta binne ni ta binne jikokina.”

Na ce taƙi ɗaya na ƙasa me zan yi da shi, ko kabari bai isa ba. Ya ce to me ya sa. Na ce haka na ga dama. Ya ce in cire. Na ce ya je Kunci ya ɗauko mai cirewa.

Ya fita yana tari. Na ji daɗin maganar Kuncin nan har azahar.

Alhamis, 19, bayan la'asar

Na dawo daga jana'iza a ƙauyen gaba na tarar da dirkoki biyu a zaure, an jingine su da kyau, har an karkaɗe musu ƙasa. Na mayar. Dallatu ya ƙara tuge wasu in ya ga dama, ni ba na gajiya.

Asabar, 21, da azahar

Ɗan aiken mai unguwa ya zo, wai Dallatu ya kai ƙara, jibi da safe. Aina'u ta hau motar Ungogo tun jiya.

Abdulhadi ya bugo, ya ce Juma'a tana nan, yaya aiki. Na ce ya zo ya gani da idonsa. Ya ce Inna na tambaya ko ina cin abinci. Na ce ya gaya mata har ƙiba na yi.

Lahadi, 22, da yamma

Ban yi aiki ba. Na share ɗakinta, na shanya katifa, na mayar. Ban san inda take ajiye gishiri ba har yanzu.

Litinin, 23, bayan azahar

Zauren mai unguwa ya cika, kamar ba lokacin sharar gona ba ne. Dallatu ya yi bayani tun daga kakansa. Sai da ya kai ga wata tunkiya da aka yi rigima a kanta kafin a haife mu sannan mai unguwa ya tsayar da shi.

Ya juyo gare ni ya ce, “Malam Sama'ilu, kai ne mai sana'ar. Rabin darnukan garin nan hannunka ne. Ka fi ni sanin ƙa'ida. Me ya sa ka dasa a ɓangarenka?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ado ne.”

Aka yi dariya. Ya ce in akwai wani dalili in faɗa, ba mai cin mutuncina a zaurensa. Na dubi mutanen nan. Akwai wanda Hure ta yi wa matarsa wankan jego, akwai wanda ta goya, akwai waɗanda suka san ta tana ɗauko dami daga gona ba ta sauke ba sai a gida. In buɗe baki a gabansu in ce me?

Na ce ado ne.

Ya ce to, adon ya koma tsakar gidana, darni ya koma hannun mai shi, kafin jibi. Na ce na ji. Dallatu ya fito yana gyara hula kamar an naɗa shi sarauta.

Juma'a ta matso. In na cire, yaron nan zai zo ya ga ba abin dafawa. In na jera a tsakar gida, na yi abin da na ce ba zan yi ba. Na zauna a kan dakali har rana ta juya. Rumfar dai ba abin da za a ce mata.

Talata, 24, kafin magariba

Aina'u ta dawo da hantsi. Ko mayafi ba ta cire ba ta shigo ta zauren, ba ta wajen darni ba, tunda na toshe. Idonta ja. Ta tafi kai tsaye ta ɗora hannu a kan gorar, ta bi ta kaɗan, ta tsaya.

Ta ce, “Haba Malam. Haba Malam Sama'ilu.”

Ta fara cewa ta gan ta, ɓarin jikinta ne, wai hannunta na… Na ce ban tambaye ta ba, kuma ina da aiki a bayan gida. Na tafi bayan gida. Ba aikin, amma na daɗe.

Bayan la'asar sai ga Dallatu. Ya zauna a kan dakalina ba a ce ya zauna ba, ya tashi, ya sake zama, ya ce tsayin ya yi. Ya je ya girgiza dirka ɗaya ya ce wannan tana rawa. Na ce wadda ya tuge ce. Ya ce to ai ga shi, da an dasa da kyau da ba ta tugu ba.

Can ya ce, “Kai dai tun muna yara jaki ne.”

Na ce na gode.

Ya ce hukunci ya riga ya fita, ba zai koma ya ce ya janye ba, 'ya'yansa za su ce ya sayar da iyaka. Amma akwai hanya. In dirkokin nasa ne, shi ya dasa da hannunsa a gaban shaidu, to darni nasa ne ko a wane ɓangare suke. Sai dai shi ba shi da ƙirya.

Na ce to.

Ya ce sai in ba shi nawa. Kyauta. A gaban mai unguwa.

Ƙiryar da na je har Tsanyawa na zaɓa ɗaya-ɗaya, na yi faɗa da direba a kanta. In ba mutumin da ya tsallake ni ya je Kunci. Na ce zan yi tunani. Ya ce in yi da sauri, jibi Alhamis.

Laraba, 25, da azahar

Na ba shi.

Mai unguwa ya ce in faɗa da bakina kowa ya ji. Na faɗa. Ya ce bai ji ba. Ya ji sarai. Na sake faɗa. Dallatu ya ce ya karɓa, Allah ya saka, sai dai ɗaya daga ciki tana da ɗan lanƙwasa amma ba komai. Ba wanda ya tambayi dalili yau. Ba wanda ya yi dariya. Na lura Aina'u ta riga ta zaga gari.

Da na fito mutane suna ta cewa Allah ya ba ta lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Na ce amin. Bai yi zafin da na zata ba.

Alhamis, 26, bayan la'asar

Tun safe muke tugewa muna mayarwa a ramukan da suke, don a ce shi ya dasa. Ina riƙe yana dannawa. Bai iya ɗaurin igiya ba, ɗaurin buhu yake yi. Duk wadda ya ɗaura sai na bi baya na kwance na sake, shi kuma ya bi bayana ya taɓa ta da hannu don ta zama tasa.

Aina'u ta ce a bar mata kafa a darnin daidai rumfa, ba za ta riƙa zagayawa ta zaure da kwano a hannu ba. Na ce darnin mijinta ne, ta tambaye shi. Ya ce a bari. Na yi mata 'yar ƙofa ta zana mai kyau, ta fi ƙarfin gidansu.

Ta kawo ɗanwake. Na ci don kada a ce. Na ƙara.

Na goge gorar da tsumma da man gyaɗa har tana ɗaukar ido. Gobe.

Juma'a, 27, bayan la'asar

Sun iso kafin a tafi masallaci. Abdulhadi ya gaishe ni a tsugune, na amsa. Ya buɗe bayan mota ya fito da keken guragu, Hure ta ce ya mayar. Shi da Aina'u suka kamo ta har ƙarƙashin rumfa.

Ta rame. Ɗankwalin da na sayo mata da Sallar bara ne a kanta. Ta zauna a kan dakali, ƙafarta ta taɓa ƙasa daidai. Ta ɗaga kai ta daɗe tana duban rufin. Maganarta tana fitowa a hankali, amma tana fitowa.

Ta ce, “Malam, ashe ka iya.”

Na ce sannu da hanya.

Ta ce, “Ina ƙibar?”

Abdulhadi ya zaga yana taka daɓe da takalminsa, ya duba dokin ƙofa, ya jijjiga dirkoki. Bai samu abin kushewa ba, na ga yana nema. Dallatu yana leƙe ta 'yar ƙofa, ya ce masa darnin nasa ne, in akwai yabo a kawo nan.

Sai yaron ya ce Inna ta gwada zuwa makewayi. Suka tayar da ita, suka kai ta bakin gora, suka sake ta.

Ta tsaya. Gorar tana damanta. Hannun daman yana rataye a jikinta kamar ba nata ba, ko motsi. Ta miƙo na hagu ta gaban ƙirjinta za ta kamo, jikinta ya juya, Aina'u ta tare ta.

Ni na auna tsayi, na auna nisa, na zaɓi itace, na je gaban mai unguwa sau biyu. Ban san wane hannu ba ne.

Abdulhadi bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini. Ya ce, “Baba, da ka zo ka gan ta ko sau ɗaya, da ka sani.”

Ban ce caji ba.

Ya ce ba laifi, an yi ƙoƙari, amma Inna ta ga dai yadda abin yake, a haɗa kayan. Dallatu ya yi gyaran murya ya ce ai dawowa gorar za ta koma hagunta, zuwa ne kawai matsala, a dasa wani layin a tsakar gida ta bi ta tsakiya, gobe-goben nan a gama. Na ce eh, a yi haka, ni zan yi, ko yau.

Hure ta ce a mayar da ita dakali. Da ta zauna ta huta, ta ce, “Ni ba saniya ba ce da za a yi wa layi a kai ta allura.”

Abdulhadi ya ce to Inna yaya za a yi.

Ta ce, “Dawowa, darni ya riƙe ni. Zuwa, Malam.”

Aina'u ta rufe baki da mayafi. Dallatu ya ga wani abu a sama yana kallo. Ni tun da aka kawo Hure gidan nan ban taɓa riƙe hannunta a gaban mutum ba, ba a yi mana wannan tarbiyyar ba.

Yaron ya ce, “Inna, Baba fa yana fita aiki. Yana zuwa majalisa. In yana Kunci fa?”

Ta ce, “Ya samu aiki a gida.”

Sai ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Baba, ba yau kaɗai ba ne. Kullum ne, duk sanda ta kira. Za ka iya?”

Na so in ce masa wa ya goya shi ya kai shi asibitin Tsanyawa da ƙafa lokacin ƙyanda. Na so in ce abubuwa da yawa. Na tashi na je na tsaya ta hagunta na miƙa hannu. Ta kama. Hannun yana da ƙarfi, har ya ba ni mamaki. Muka tafi, daɓen nan da na daka da hannuna yana ta tsawo kamar hanyar Kano. Da ta fito ta kama gora ta dawo da kanta, tana jan ƙafa, tana tsayawa a kowace dirka, har dakali.

Abdulhadi ya sauke jakar magani, ya yi wa Aina'u bayanin na safe da na yamma, ni bai yi mini ba. Na ji duka. Ya ce zai dawo Juma'a mai zuwa, in ya ga ba daidai ba maganarsa tana nan. Keken ya bar shi a zaure. Motar ta tafi da shi kaɗai.

Asabar, 28, da hantsi

Wani ya zo daga Kunci tun da sassafe, wai rumfar ƙofar gida yake so irin mai faɗi. Na ce ba na fita yanzu, amma ya tambayi Dallatu, ya san wani a garinsu.

Hure ta kira ina cikin ba kaji dawa. Na wanke hannu na je. Muna tsakiyar tafiya ta tsaya cak ta ce, “Malam, ba kasuwa za mu ba.” Na rage. Ta ce na rage da yawa.

Dawowa ta saki hannuna ta kama gora, ta ce in je in ƙarasa da kaji, ba ta son a tsaya mata a ka. Na ce to. Na biyo ta a baya a hankali, hannuna a buɗe, ba ta gani ba.

Ta ce, “Ina jin takalminka.”

Na cire shi.